Lasisin bindiga ba takardar tsire ba ce: martani ga mai cewa a kama kowa a shinge

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya a kan bindiga da shingen 'yan sanda a Kaduna, kuma ban ga dalilin yin shiru ba. Abin da ya faɗa a dunƙule shi ne: a halin da muke ciki, duk wanda aka tare a gadar Kawo ko shataletalen Mando aka ga bindiga a motarsa, to ba shi da ta cewa. A ƙwace bindigar, a tasa ƙeyarsa zuwa caji ofis, in ma yana da wata takarda ya je ya nuna wa alƙali. A ganin wannan Malam, lasisi ya tashi daga aiki tun ranar da 'yan sanda suka daina bayar da sabo, su kuwa masu maganar haƙƙin mai bindiga, kallon finafinan Amurka ne ya yi musu yawa.

Na san inda wannan magana ta samo asali, don ni ma a wannan gari nake kwana. Ranar 11 ga Maris 2021 aka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, a bayan Mando, aka kwashe ɗalibai 39. Ranar 24 ga Agustan shekarar aka kutsa cikin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, aka kashe hafsa biyu aka tafi da ɗaya. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan da ke kan hanyarsa ta zuwa tashar Rigasa. Wanda ya ga waɗannan, in ya ce jikinsa na rawa da jin sunan bindiga, ba za a ce ya cika tsoro ba. Haka kurtun da ke tsaye ƙarfe ɗayan dare a bakin hanyar Birnin Gwari, da tocila a hannu, bai san abin da motar da ke tahowa ta ɗauko ba. Yana da mata da 'ya'ya, kuma ya san abokan aikinsa da aka kashe a irin wannan tsayuwar. Ba na raina tsoronsa.

Amma a duba da wane irin makami aka yi waɗancan ta'asa, kuma su wa suka yi. Mutane ne a kan babura da ƙafa, daga daji, riƙe da bindigogin yaƙi irin AK-47, waɗanda ko Sufeto Janar na 'yan sanda ba shi da ikon ba wa farar hula lasisinsu. Ba wanda ya ce an sace ɗaliban Afaka da bindiga mai baki biyu wadda sunan mai ita da hotonsa suke cikin kundin hedikwatar 'yan sanda. Mutumin da Malam ke so a tasa ƙeyarsa wani ne daban: tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya yana da gona a wajen Rigachikun, ko maharbin da zai fita farauta da rani, ko mai gidan kaji a hanyar Zariya. Shi ne ya kai kansa gaban hukuma, ya cika takarda, ya ba da adireshin gidansa, ya biya kuɗi. A cikin duk masu riƙe da bindiga a jihar nan, shi kaɗai ne gwamnati ta san ƙofar gidansa.

Batun Amurka kuwa, Malam ya yi faɗa ne da abin da ba wanda ya faɗa. Gaskiya ne tsarin mulkin can, tun gyaran 1791, ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Namu na 1999 bai ba kowa wannan ba, kuma ban taɓa jin lauyan kirki a Kaduna ya ce ya bayar ba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta faɗa ƙarara a sashe na 6 cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne. Hukuma na iya hanawa, tana iya gindaya sharaɗi, tana iya sokewa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ke nan neman lasisi roƙo ne. Sai dai da zarar an ba mutum, magana ta sauya. Gwamnati ce ta sa hannu ta ce wane ɗan wane ya riƙe wannan bindiga mai lamba kaza. Wannan sa hannun yana nan har ranar da wa'adinsa ya ƙare ko wanda ya bayar ya soke, kuma sajen da ke shinge ba ya cikin masu ikon sokewa.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku, kuma rashin sanin wannan rabon shi ne tushen rabin rigimar da ake yi a bakin titi. Kashi na farko haramtattu ne: bindigogin soja, masu sarrafa kansu, gurneti, har da ƙaramar bindigar aljihu. Waɗannan Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Kashi na biyu su ne na farauta da wasa, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu da ta iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Kashi na uku bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita kuma al'amarinta na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da gwamna. Wannan tsani ba jiya aka kafa shi ba. Tun yarjejeniyar Birasels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince a tsakaninsu cewa a hana 'yan Afirka bindigogin zamani, a bar musu na toka. Dokar 1959, da aka yi ana saura shekara guda a ba mu mulkin kai, ta gaji wannan tunani. Wato tun asali ba don jin daɗin talaka aka rubuta ta ba. Amma ko ita, da duk tsaurinta, ba ta ce abin da Malam ke so a yi ba.

Ga abin da ta ce. Sashe na 28 ya wajabta wa mai lasisi ya nuna takardarsa idan ɗan sanda ya nema, ya kuma nuna bindigar da harsasanta in an buƙata. Wanda ya ƙi, hukuncinsa bayan kotu ta same shi da laifi tarar naira ɗari ce ko ɗaurin wata shida. Sai sashe na 29 ya biyo baya da jimla guda wadda da wuya ka ji an ambace ta a shinge: wajibi ne ɗan sanda ya ba mutum isasshen lokaci ya kawo abin da aka nema. A tsaya nan a yi tunani. Masu rubuta dokar sun hango cewa mutum zai iya fita ya bar takardarsa a cikin akwati a gida, sai suka ware wa wannan mantuwa hukuncinta daban, suka kuma ba shi damar gyarawa. Ba su haɗa shi a kwando ɗaya da wanda ba shi da lasisi sam ba, wanda dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadar wa tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun. Tsakanin wata shida da shekara goma akwai rata, kuma dokar ce ta yi ratar da gangan. To in wanda ya manta takardarsa a gida yana da haƙƙin a jira shi ya aika a ɗauko, ina ga wanda ya miƙa tasa nan take, lambar da ke jikin bindiga ta dace da wadda ke rubuce, wa'adi bai ƙare ba? Da wane laifi za a rubuta sunansa a littafin caji ofis? Malam bai faɗa mana ba.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta dakatar da lasisi, kuma ta cancanci a amsa ta da natsuwa. A Fabrairun 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattaro haramtattun makamai daga hannun jama'a, ya saka har da bindigar nan da ake jan gindin bakinta ta ɗura harsashi, wadda ake kira fam-akshin, alhali mutane da dama suna riƙe da ita ne da takardar da 'yan sandan suka ba su. A Mayun 2019 jaridu suka ruwaito cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin janye lasisin bindigogi, har Majalisar Wakilai ta nemi a sake shawara. A Yunin 2022, da Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, Kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ce takunkumin bayar da lasisi na nan daram. Kafin nan, a 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya yi wa Katsinawa irin wannan kira. A Agustan 2023 Kayode Egbetokun, yana sabon kama aikin Sufeto Janar, ya ce an tsayar da bayar da lasisi saboda makamai sun yi yawa a hannun mutane.

Wanda ya jera waɗannan zai ga cewa ruɗanin daga sama ya sauko. Gwamna ya ce ka nemi bindiga, kwamishina ya ce babu takarda, wani sufeto ya ce wadda aka ba ka takardarta jiya yau haramtacciya ce. Talakan da ke tsakiya bai haifar da ko ɗaya ba. Kuma maganar 2022 da ta 2023 a kan bayar da sabon lasisi aka yi su. Rufe ƙofa ga masu shigowa daban, korar waɗanda ke ciki daban. In kuwa hukuma na ganin duk tsofaffin lasisi sun mutu, to hanyarta a buɗe take, ba ta ma da wahala: tana da sunayensu da adireshinsu, ta rubuta musu, ta sa rana, su kai bindigogin ma'ajiyar makamai a ba su rasit. Dokar ta kuma ba wanda aka soke wa lasisi damar kai kuka a rubuce ga Shugaban Ƙasa. Abin da bai dace ba shi ne a yi gum, a bar mutum da takarda mai hatimin hukuma a aljihu, sannan a yi masa kwanton ɓauna a Baifas a ce ashe bai ji ba.

Sai mu zo kan ita kanta tarewar. Malam ya rubuta kamar ɗan sanda in ya tsaya a titi doka ta ƙare a bakin takalminsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu a Satumban shekarar, makonni kaɗan kafin zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, ta ba shi ikon tarewa da bincike a sashe na 49, amma da sharaɗin ya kasance yana da dalilin zargi mai kama hankali. Sashe na 50 ya ce kafin ya fara, ya kasance cikin kaki ko da katin shaida a bayyane, ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito, ya faɗi abin da yake nema da dalilin nemansa. Na san mai karatu a Tudun Wada ko Unguwar Shanu zai yi murmushi ya ce wa ya taɓa ganin haka, abin da muka saba ji shi ne "faka da kyau" sai "me ka kawo mana". Haka ne. Amma rashin bin doka bai shafe ta daga littafi ba, kuma aikin mai alƙalami shi ne ya matsa a bi ta. Malam ya ɗauki abin da ake yi bisa kuskure yana neman a mayar da shi ƙa'ida.

Sashe na 54 shi ne wanda na fi so ya karanta. Ya ce launin mutum, da shekarunsa, da askinsa ko irin suturarsa, da kallon da jama'a ke yi wa wata ƙabila ko wani rukuni cewa su ne masu laifi, duk ba su isa zama dalilin zargi ba. A Kaduna ta yau kowa ya san abin da wannan ke nufi. Alhajin da ke cikin jibgegiyar mota mai baƙin gilashi, ko da bindiga uku a bayansa, sara masa ake yi a ce "ranka ya daɗe, a sauka lafiya". Dokar da Malam ke nema ba za ta taɓa shi ba. Wanda za ta faɗa wa shi ne mai rawani a kan babur, da maharbi mai rigar layu da karnuka a bayan a-kori-kura, da duk wanda kamanninsa ko harshensa ya yi kama da na mutanen daji.

Mun ga ƙarshen wannan lissafi a Uromi ta jihar Edo, a ƙarshen Maris 2025. Mafarauta ne 'yan Arewa suka taso daga wajen Fatakwal za su Kano yin Ƙaramar Sallah. 'Yan banga suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, jama'a suka taru suka kashe mutum 16, suka cinna musu wuta. Har Gwamna Monday Okpebholo ya je Kano ta'aziyya. Ba 'yan sanda suka yi kisan ba, kuma ban ce Malam ya yi kira a kashe kowa ba, Allah ya kiyaye. Na tabbata ya ji zafin abin kamar yadda kowannenmu ya ji. Amma matakan tunanin iri ɗaya ne: an ga bindiga, an ga kamanni, an yanke hukunci, tambaya ta zo daga baya. Ba zai yiwu mu la'anci wannan lissafi in an yi wa namu a Kudu, sannan mu rubuta shi a matsayin shawara ga 'yan sandan Kawo ba.

Tunda shi ya kawo Amurka, bari in ba shi misali daga can. Ranar 6 ga Yuli 2016, a jihar Minesota, ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile. Yana da lasisin riƙe bindiga, kuma da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa. Cikin daƙiƙu kaɗan aka ɗirka masa harsashi, matar da ke tare da shi ta nuna wa duniya abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook, da ƙaramar yarinya a kujerar baya. Kotu ta wanke ɗan sandan a 2017. A ƙasar da tsarin mulki ya ba shi 'yanci ke nan. Takarda ba ta tare harsashi. Abin da ke ceton rai a irin wannan minti shi ne abin da aka cusa wa ɗan sanda a ka tun yana kwalejin horo. In an koya masa cewa duk mai bindiga ɗan ta'adda ne sai an tabbatar da akasin haka, yatsansa zai riga kunnensa aiki. Shi ya sa a 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka sake fasalin umarnin rundunar mai lamba 237, aka taƙaita harbi ga inda rai ke fuskantar haɗari nan take. Bindigar da ke kwance cikin kube a but ɗin mota, ba harsashi a cikinta, mai ita ya ɗora hannuwansa a kan sitiyari, ba irin wannan haɗarin ba ce.

Malam ya ce takardu ana buga na jabu. Ana yi, kuma masu safarar makamai suna bin manyan hanyoyi, ba daji kaɗai ba. Maganin jabu tantancewa ne. Lasisi daga ofishin 'yan sanda ya fito, kwafinsa na wurinsu. Daga Mando zuwa hedikwatar rundunar a titin Bida tafiyar mintoci ce, kiran waya kuwa bai kai haka ba. In rundunar ba za ta iya tabbatar da takardar da ita ta bayar ba, laifin ma'ajiyar takardunta ne, bai kamata wani dattijo ya kwana a bayan kanta saboda shi ba.

To a ce ma an sami dalilin kamawa: lambar ba ta dace ba, ko wa'adi ya wuce, ko bindigar ba irin wadda aka rubuta ba ce. Nan ma mutum bai zama kayan ganima ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa, a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ba wata unguwa tsakanin Kawo da bakin kogi da ta yi wa kotunan majistare na titin Ibrahim Taiwo da titin Daura wannan nisan. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashen ya ce a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta dukan da ake yi don a tatsi amsa. Ba a kama ɗa a madadin uba, ko mata a madadin miji. Jihar Kaduna tana da tata dokar gudanar da shari'ar laifuka tun 2017, a kan turbar ta tarayya ta 2015. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce "sai dai in an same shi da bindiga".

Akwai kuma maganar da Malam ya tsallake gaba ɗaya: in an ƙwace bindigar, ina take zuwa? Doka ta ce a rubuta duk abin da aka karɓa daga hannun wanda aka kama, a sa hannu, a ba shi kwafi. Wannan 'yar takarda ba don jin daɗin mai bindiga kaɗai aka tanade ta ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disamban 2018 akwai makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara wani ɓangare na rahoton, amma ko an zaftare kaso mai yawa, abin da ya rage ya isa ya hana mutum barci. Bindigar da ke gidan mai lasisi an san inda take, kuma doka ta ɗora masa nauyin tsare ta da kai rahoto in ta ɓata. Wadda aka karɓe a titi da tsakar dare ba rasit, ba wanda zai iya rantsuwa a hannun wa za ta kwana nan da wata shida. Shawarar Malam na iya ƙara wa daji makami tana ganin ragewa take yi.

Kada mai lasisi ya karanta wannan ya ɗauka na ba shi izinin ɗaga murya. Haƙƙinsa a shinge kaɗan ne, nauyinsa ya fi yawa. Lasisin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba ya ratsawa zuwa ga ɗa ko direba ko maigadi. Harsashi ma da izininsa. Takardar farauta ba ta ba kowa damar rataya bindiga ya shiga kasuwar Kawo ranar Talata ko ya kai ta wurin taron siyasa ba. Mai hankali in zai fita da ita, ya zare harsashi, ya sa ta a kube a but, takarda kuwa ta kasance inda zai ɗauko ba tare da laluben ƙarƙashin kujera ba. In an tsayar da shi da dare ya kunna fitilar cikin mota, hannu a fili, ya yi sallama, ya faɗa tun kafin a buɗe but: "Yallaɓai, akwai bindigar farauta a baya, ga lasisinta." Kada ya kai mata hannu sai an ce ya kai. In an zalunce shi, bakin titi ba wurin shari'a ba ne. Ya riƙe suna da lambar kaki da lokaci, washegari ya nufi sashen karɓar koke na rundunar, wanda aka kafa tun 2015, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko babbar kotu. Gardama da mai bindiga a hannu, a cikin duhu, ba jarumta ba ce.

Ni ba ni da bindiga, ba na kuma cikin masu ganin raba wa kowa makami shi ne maganin 'yan bindiga. Garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002 da na 2011, har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan jiya, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan abin da makami ke yi in ya yawaita a unguwa. Wannan ne ma ya sa nake ganin shawarar Malam da haɗari. Mutane suna lura. In suka ga wanda ya bi layi ya yi rajista shi ke shan wulaƙanci a hanya, ya rasa bindigarsa, ya biya kuɗin belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne, alhali wanda ya saya a ɓoye ya binne a bayan ɗaki ba mai taɓa shi, to ba sauran mai kai kansa. Bindigogin ba za su ragu ba, kundin hukuma ne zai koma fanko.

In Malam na ganin dokar 1959 ta tsufa, muna tare. Tarar naira ɗari a yau ko ruwan leda biyu da ƙyar ta saya. Amma makamai na cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, ko majalisar jiha da ke zama a Lugard Hall ba ta da hurumi, balle ofisan da ke shinge. Gwamna Uba Sani, lokacin yana sanatan Kaduna ta Tsakiya, ya kai ƙudurin gyaran wannan doka don a tsananta hukuncin masu safarar makamai, kuma a 2024 an sa hannu a dokar da ta ba cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa gindin zama. Can ne wurin kai wannan ƙorafi. Abin da ke hannun Kwamishinan 'yan sandan Kaduna kuwa, wanda ba ya buƙatar jiran Abuja, shi ne ya fito a rediyo da Hausa ya faɗa wa masu tsohon lasisi matsayinsu a fili, ya faɗa wa mafarauta masu bindigar toka takardar da ake nema daga gare su da ofishin da za su je, ya ba kowane shinge lambar wayar da za a kira a tantance lasisi, ya kuma hana karɓar makami daga hannun kowa ba tare da rasit ba.

Na kawo sassan da na dogara da su da lambobinsu. In akwai sashen da ya ba ɗan sanda ikon tsare mutumin da ya nuna ingantaccen lasisi, don kawai an ga bindiga a motarsa, ina roƙon Malam ya kawo lambarsa a rubutunsa na gaba.